Rabin Awa Kafin Azahar

Tahira ta tarar da su cirko-cirko a bakin famfo, ruwa yana ta kwarara cikin ciyawa, ba gonar kowa ba. Mahaifinta, Malam Ɗahiru, ya riƙe tiyon ta tsakiya, ƙanensa Baffa Dabo ya riƙe bakin, kowannensu ya jiƙe har gwiwa. Maƙwabtan gona sun bar aikinsu sun kewaye su. Da suka hango ta, jakar komfuta a kafaɗa, tana haki saboda saurin da ta yi daga gida, sai suka dare suka ba ta hanya kamar an ga likita.

"Yauwa, ga mai injin nan," in ji Alhaji Uwais, shugaban ƙungiyar manoman rani ta Unguwar Ɗorawa. Ya sa hannu ya kashe famfon, tiyon ya yi laushi a hannun dattawan biyu, amma babu wanda ya saki.

Famfon na ƙungiya ne, rijiyar burtsatse ce mai aiki da hasken rana, kuma tiyo ɗaya ne ake zagayawa da shi gona-gona. Da can rabon ruwan da baki ake yi, kullum sai an yi cacar baki. Da Tahira ta gama karatun komfuta a Kano ta dawo gida jiran bautar ƙasa, sai ta rubuta musu 'yar manhaja da ke raba lokaci. Kowace safiya manhajar takan kira kowane manomi ta karanta masa lokacinsa da murya, ta kuma bar masa a rubuce. Mutanen garin ba su wahalar da bakinsu da kalmar manhaja ba, injin Tahira kawai suke cewa.

"Baffa, ina wuni. Ba ni wayarka in ga saƙon."

Ya zaro ta daga aljihu da hannun hagu, don na dama yana kan tiyo. Ta karanta a fili: "Malam Dabo, ruwanka zai fara rabin awa kafin Azahar."

"Kun ji ko?" in ji Baffa Dabo, yana duban jama'a.

Ta karɓi ta mahaifinta. "Malam Ɗahiru, ruwanka zai ƙare rabin awa kafin Azahar."

"Kun ji ko?" in ji Malam Ɗahiru.

Tahira ta dubi wannan waya, ta dubi waccan. "To ai magana ɗaya ce. Inda na Baba ya ƙare, nan na Baffa ya fara." Ta duba agogon hannunta, ɗaya da rabi ta ɗan gota. "Yanzu ma lokacin Baffa ne."

"Yanzu kam nasa ne, ban musa ba," in ji mahaifinta. "Amma tambaye shi tun yaushe ya janye. Ina can ƙarshen gona ina gyara hanyar ruwa, rana tana tsaka, sai na ga ruwa ya ɗauke. Na zaci injin ne ya tsaya. Sai da na gaji da jira na biyo tiyo, na same shi kwance cikin tumatirin Dabo, shi kuma ba ya nan."

"Yanzu ne nawa?" Baffa Dabo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Nawa ai ya kusa ƙarewa, 'yar nan. Na zo a kan lokacina, na jona, na je na dawo, na tarar Yaya ya ƙwace."

"Ƙarfe nawa ka zo, Baffa?"

"Saƙon naki ƙarfe ya ce? Azahar ya ce."

Nan kanta ya ɗaure. Mutum biyu ne da ba ta taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba, saƙo iri ɗaya a hannunsu, kuma kowanne a shirye yake ya rantse. Ta ɗaga ido tana neman wanda zai taimake ta cikin jama'a. Abin mamaki, duk wanda ta kalla sai ya sunkuyar da kai. Wani ya tsiri kankare laka daga fartanyarsa, wani ya shiga kallon sama kamar yana jiran hadari a tsakiyar rani. Gaskiyar magana, babu wanda bai san inda matsalar take ba a wurin nan, in ban da mai digirin.

Alhaji Uwais ya yi gyaran murya. Shi mutum ne da ya ƙi jinin yanke hukunci, musamman in akwai wanda zai ɗora wa. Ya rufe akwatin makunnin famfon, ya danna masa kwaɗo, ya jefa ɗan mukullin a aljihu.

"Tunda injin ne ya raba, injin ne zai faɗi wanda ya saɓa. Ki bincika, Tahira. Ranar da kika kawo mini amsa, ranar zan buɗe."

"Alhaji, dashena fa?" in ji Malam Ɗahiru.

"Ai 'yarka ce. Ta hanzarta."

Tahira ta waiga ta dubi gonar mahaifinta. Da asubar nan ya dasa albasa, irin da ya raina da hannunsa tun ƙarshen damina. Rabin gonar ya sha ruwa ya yi baƙi, rabin kuma ƙasa ce fara fat, 'yan siraran ganyen sun fara langaɓewa. Ta san dashe, a cikinsa ta tashi. Zai iya jure yinin yau, amma in ranar gobe ta same shi a bushe, sai dai wata shekarar.

Ta samu gindin mangwaro ta zauna, ta buɗe komfuta a cinyarta. Tana cikin shiga manhajar aka kira salla daga tsohon masallacin cikin gari. Mahaifinta ya ajiye tiyo ya tafi, rabin jama'a suka bi shi. Sauran rabin, har da Baffa Dabo, suka koma gonakinsu ba tare da sun nufi ko buta ba. Duk wannan a gabanta aka yi, amma idonta yana kan allo.

Wurin da take zargi ta sani, don babu inda ya ba ta wahala a aikin nan kamarsa. A cikin manhajar, lokaci lamba ne kawai, sha uku da talatin. Kafin ya isa kunnen manomi sai an mayar da shi magana. Akwai laburaren da masu rubuta manhaja suke ɗauko shiryayyun ayyuka daga ciki, kuma a cikinsa akwai aikin da aka yi musamman don wannan: ka ba shi lokaci, ka gaya masa yare, ya ba ka rubutu. Da farko yadda ya ba ta haka ta tura, muryar ta riƙa cewa "sha uku da talatin", wani tsoho ya zo har gida yana tambayar ko kuɗin ruwa ne aka ƙara. Ta gyara ya koma "ƙarfe ɗaya da rabi na rana". Wannan ya yi kyau a kunne, sai dai agogunan wayoyin garin ba su da alƙibla. Mai cajin bakin kasuwa cire batir yake yi ya caja daban, in ya mayar kuma wayar ta koma sha biyun dare, babu mai damuwa ya saita. Sai ka ga mutum rana ta take, wayarsa tana cewa asuba ce.

Shi ya sa a makon nan ta rubuta nata aikin a kan na laburaren, wanda ke auna kowane lokaci da sallar da ta fi kusa da shi. Ranar da ta gama har tafa wa kanta ta yi don jin daɗi. Agogo yana iya mutuwa, amma ladan ba ya fashi.

Ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ta ba aikin sha uku da talatin, ya ce rabin awa kafin Azahar. Ta sake ba shi, ya sake faɗa. Ta gwada lokutan safe, ta gwada na yamma, duk ya amsa daidai ba gargada. Ta fi son a ce ta ga kuskure ƙato ta gyara ta huta, amma abu ya tsaya ƙyam yana kallonta.

Ta kira Munir, abokin karatunta da ke aiki a wani kamfani a Rijiyar Zaki, can Kano. Ta zayyana masa komai.

"Dakata," in ji shi. "Baffan naki da kamar nawa ya riga lokaci?"

"Yadda Baba ya kwatanta, zai kai awa guda."

"Shi ke nan, taimzon ne, bambancin agogon ƙasashe! Sabarki tana kan agogon Landan. Tsakaninmu da su awa ɗaya cif. Kowa sai da wannan ya taɓa cin shi."

Daɗi ya kama ta har ta ce masa Allah Ya biya. Ta kashe waya ta duba. Sabar, wato babbar komfutar da manhajar ke zaune a kai, tana kan agogon Najeriya lafiya lau, ita da kanta ta saita tun ranar farko. Ta sake kiran sa.

"Ba shi ba ne. Kuma ko da shi ne, ai saƙon Baba ma zai matsa, ba na Baffa kaɗai ba."

"Haka ne fa. To ko ɗayansu bai ji daidai ba? Tsofaffi ne."

"Na karanta da idona, Munir."

"To ko wani yana... kin gane dai. Ruwa ne fa, kuma rani ne."

"Ubana da ƙanensa kake magana a kai."

"Yi haƙuri. Turo min kod ɗin, layukan da kika rubuta, in duba in na tashi."

Batirin komfutar ya fara ja, ta rufe ta nufi gida. A hanya ta haɗu da mahaifinta yana tura keke, jarka biyu a ɗaure a baya, ya ɗebo daga rijiyar gida zai kai wa albasa. Ta san ko ya kwana yana jigila ba zai jiƙa fangali uku ba, shi ma ya sani. Ta ce masa sannu, ya amsa bai tsaya ba. Tausayinsa ya kama ta, da haushin kanta, har ta ji idonta ya cika.

A gida ta jona komfutar da ɗan batirin sola na ɗakin Inna, mahaifiyarta, ta zauna a tabarma a tsakar gida. Katanga ɗaya ce, gajeriya, tsakaninsu da gidan Baffa Dabo. Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta tambaye ta komai ba, alamar labari ya riga ta isowa.

Can sai lasifikar masallacin bakin kasuwa ta yi ƙara, ladan ya kira La'asar. Ta bayan katanga Tahira ta ji matar Baffa ta ajiye taɓarya, ta ji ƙarar buta, ta ji tana ce wa 'ya'yanta su tashi. Inna kuwa ko motsi ba ta yi ba, tsintar shinkafarta take.

Tahira ta dubi agogon da ke kusurwar allo. Huɗu ba ta yi ba. Ta dubi layin da ta rubuta da hannunta, inda ta sa La'asar huɗu da rabi, a samansa kuma Azahar ƙarfe biyu.

"Inna."

"Na'am."

"Su Baffa ƙarfe nawa suke Azahar?"

Inna ta ɗago ta dube ta, ta waiga wajen katanga, sannan ta rage murya. "Yau kika zo garin nan?"

Ba yau ta zo ba. Tun tana 'yar firamare aka gina masallacin bakin kasuwa, matasan malamai suka zo da karatunsu, suna salla da zarar rana ta gota. Tsohon masallaci kuwa ya tsaya a kan yadda ya gada, sai rana ta karya sosai. Baffa Dabo ya koma can, Malam Ɗahiru ya zauna nan. An yi shekarar da ko gaisuwa ba sa yi, har mahaifiyarsu, kafin ta rasu, ta haɗa su a ɗakinta ta sa suka yi mata alkawarin ba za su ƙara ɗaga maganar ba. Suka cika alkawari, garin ma ya koya daga gare su. Ana biki tare, ana jana'iza tare, ana aron garma, amma babu mai cewa "Azahar ɗinku". A bakin kowa Azahar ɗaya ce, wato tasa.

Duk wannan Tahira ta sani kamar yadda ta san sunanta. Kiran sallar bakin kasuwa kullum yana shiga kunnenta yana fita, kamar kukan injin markaɗe. Amma da ta zo rubuta lamba, hannunta bai ko yi jinkiri ba, ya rubuta lokacin da ta ga ubanta yana ɗaukar buta tun tana goye.

"Inna, to me ya hana wani ya faɗa mini a can? Suna kallona ina ta kame-kame."

"Wa zai faɗa? A gaban babanku da Dabo?" Inna ta watsa wa kaji tsakuwar da ta tsince. "Wanda ya fara furtawa shi ya tayar."

Ta ɗauka gano matsalar zai sa ta ji sauƙi, sai ga shi kanta ya ƙara kullewa. Alhaji Uwais amsa yake jira. In ta ce Baffa ne ya yi gaggawa, ta ce ke nan Azahar ɗin bakin kasuwa ba Azahar ba ce, kuma 'yar Malam Ɗahiru ce ta faɗa, da injinta. In ta mayar da lambar ƙarfe ɗaya, ta tsaya gaban gari ta ce ubanta ne ke makara. In kuma ta yi shiru, kwaɗo yana nan, albasa tana mutuwa.

Munir ya kira. Kafin ya ce komai ta gaya masa.

Ya yi dariya har da tari. "Wallahi na duba kod ɗin sau biyu, ban ga komai ba. Mu ma a layinmu biyun ake yi." Sannan ya ce, "Mai sauƙi ne. Akwai laburaren lokutan salla, lissafin rana yake yi. Ki ba shi inda garinku yake a taswira, ya ba ki ainihin lokacin. Babu ruwanki da kowa."

Ta sauke shi nan take ta gwada. Ya ce Azahar sha biyu da rabi da 'yan mintuna.

"Munir, wa ke salla a wannan lokacin?"

"Lissafi ne dai."

"Ina da Azahar biyu sun hana ni sakat, ka ƙaro min ta uku."

"To ki koma ƙarfe kaza mana."

"Da wane agogon?"

Ya ce zai yi tunani, wanda a bakin Munir yana nufin sai da safe.

Ta koma ta buɗe bayanin laburaren farko, tana karantawa ba don tana sa ran komai ba. Aikin abu biyu yake karɓa, lokaci da yare. A jerin yarukan ta ga Hausar Najeriya, ta ga ta Nijar, har da ta Gana. Waɗanda suka rubuta shi sun yi ƙoƙari, sun san Bahaushen Kumasi da na Maraɗi ba lallai su faɗi abu iri ɗaya ba. Abin da ba su hango ba shi ne wa da ƙane, katanga ɗaya, famfo ɗaya.

Ta daɗe tana kallon wurin da ake sa yare. Sannan ta koma nata aikin, ta buɗe masa gurbi na uku. Ta rasa sunan da za ta ba shi, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga ƙarshe ta bar shi "masallaci".

"Inna, in tambaye ki. Malam Abdulhadi mai barkono, ina yake salla?"

"Me za ki yi da shi?"

"Aiki ne."

Inna ta ɗora tukunya, ta zauna a kujera 'yar tsugunno. "Kasuwa."

"Yahya na gidan Sarkin Noma?"

"Shi cikin gari, ɗansa kasuwa. Wanne ke zuwa ban ruwan?"

"Ɗan. Amma wayar uban ce."

"To ke kika sani."

Haka suka yi ta yi har hayaƙi ya cika tsakar gida. Wasu ba gardama. Wasu kuwa sai Inna ta yi tsaki ta ce wane ai duk inda ta kama shi, ko ta ce wane ranar kasuwa kasuwa, sauran ranaku cikin gari. Gwaggo Aishatu, wadda ke noma gonar marigayi mijinta, Inna ta ce kunnenta ya yi nauyi, wanda iska ta kawo mata shi take bi. Tahira ta dafe kai. Gurbin da ta buɗe amsa biyu kawai yake karɓa, ga mutane sun ƙi shiga. Ta yi ta cusa su da ƙarfi, wannan nan, wancan can, tana roƙon Allah Ya sa ba ta mayar da wani inda zai ji haushi ba. Da ta zo kan Alhaji Uwais, Inna ta ce shi sai ya ga wanda ke kallonsa.

Da safe, rana ba ta gama fitowa ba, ta same shi a ƙofar gidansa yana shan koko. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"An samu?" in ji shi.

"An samu, Alhaji. Laifin injin ne."

Ya ajiye ludayi. "Ba na Malam Ɗahiru ba?"

"A'a."

"Ba na Dabo ba?"

"Na injin ne. Ni na rubuta shi ba daidai ba, kuma na gyara."

"Alhamdulillahi!" Fuskarsa ta washe kamar an sauke masa buhu. Ya laluba aljihu ya ciro mukulli, sai kuma ya tsaya. "To yanzu da kika gyara, wace... na ce, wane..." Ya dubi hanya hagu da dama. "Ya dai daidaita ko?"

"Ya daidaita."

"Madalla. Allah Ya yi albarka." Bai ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara bayani ba.

Saƙonni suka fita. Tahira ta kasa zaman gida, tun hantsi ta tafi gindin mangwaron ta zauna. Tiyo ya zaga gonaki uku lafiya. Da rana ta take ya iso hannun mahaifinta. Albasar da ba ta sha ba jiya ta kwanta shame-shame, wasu ganyen sun yi fari a baki. Malam Ɗahiru ya fara da su. Ta ga ƙasa tana shanye ruwan tana ƙara nema, shi kuma yana bi a tsugunne yana tayar da dashen da yatsa, ɗaya-ɗaya.

Aka kira salla a bakin kasuwa. Wannan karon ta ji shi har cikin ƙirjinta. Ta zuba ido a hanya, Baffa Dabo bai ɓullo ba. Ruwa ya ci gaba da gudu, fangali bayan fangali, har ya kai ƙarshen gona.

Sai ga shi nan tafe, carbi a hannu, bai yi sauri ba bai yi nawa ba. Daidai lokacin Malam Ɗahiru ya miƙe, ya dubi inuwarsa, ya jawo bakin tiyo ya nufi iyakar gonakin biyu. A nan suka haɗu.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yauwa, Dabo. Ga shi."

Shi ke nan. Maƙwabtan da suka yi kamar suna aiki alhali kunnensu yana nan, suka koma aikin gaske.

Baffa Dabo ya jefa tiyo cikin tumatirinsa, ya hango ta, ya ɗaga murya yadda har na gona ta uku zai ji. "'Yar nan, yau kam injin naki ya yi hankali! Rabin awa bayan Azahar, haka ya ce mini, ɓaro-ɓaro. Na idar, na yi lazimina a natse, na taho. Allah Ya ƙara basira!"

"Amin, Baffa," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Mahaifinta yana tsugunne yana wanke hannu a sauran ruwan da ya kwanta. Ta ga hannun ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ya miƙe, ya saɓa fartanya, ya kama hanyar gari, ta bi bayansa da jakarta. Sai da suka wuce gonakin, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi cikin gari ɗaya ta yi kasuwa, ya tsaya.

"Nawa saƙon, 'kafin' ya ce."

"Eh, Baba."

"Na Dabo kuma 'bayan'."

"Lokacin ɗaya ne, Baba. Faɗar ce ta bambanta."

"Na gani." Ya gyara fartanyar a kafaɗa. "Albasa ta sha ruwa. Mafi yawanta za ta tashi, in Allah Ya so. Allah Ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Ta ɗauka ya gama, amma bai motsa ba. Ba fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ta fi sanin yadda za ta yi da shi.

"Ke ma yana aiko miki?"

"Yana aiko min, don in ga komai ya tafi daidai."

"To naki me ya ce?"

Ta ciro wayar ta buɗe, ta miƙa masa da hannu biyu. Nata ba ya bi ta wurin aikin da ke mayar da lokaci magana, yadda yake a cikin injin haka yake zuwa mata. Malam Ɗahiru bai yi boko ba, amma ya san lamba. Ya nisanta wayar daga idonsa, ya daɗe yana kallon 13:30.

"Babu kafin, babu bayan," ya ce.

"Babu, Baba."

"Wannan na wane masallaci ne?"

Bai jira amsa ba. Ya mayar mata da wayar, ya bi hanyar cikin gari a hankali, don akwai sauran lokaci kafin ladaninsu ya kira. Ta ɗaya hanyar kuma mutanen kasuwa ne ke ta dawowa gona, sun riga sun idar.

Tahira ta tsaya a mararrabar, waya a hannu. Tunda take ba ta taɓa tambayar kanta wannan ba, amma yau ta rasa ko ta makara da salla ne, ko kuwa lokaci bai yi ba.